Yaron da Ba a Kira Sunansa Ba

Duk kocin unguwa a Kano ya san abin da zai yi wa targaɗe, ko yaron da ya zo atisaye bai karya ba. Amma yaron da aka cire sunansa, ba wanda ya koya mana yadda ake riƙe shi.

Lokacin da ake tantance waɗanda za su buga gasar Kofin Ramat, wadda ake yi a Kano don tunawa da Janar Murtala, na kai yarana. Aka ɗauki wasu, aka bar ɗan wasan gabana, wanda ya fi kowa gudu. Wannan ba komai ba ne, haka zaɓe yake. Yaron ma da dariyarsa muka rabu. Daga ranar ya ɗauke ƙafa.

Sai da na taka har gidansu na gane inda gizo ke saƙar. Ashe yayansa ya gama shelanta wa majalisa cewa ƙaninsa ya kusa tafiya Turai, har 'yan layi suna kiransa Ahmed Musa. Har yau abin yana ci mini rai. Shi Ahmed Musan sai da ya buga wa Kano Pillars, ya fi kowa cin ƙwallo a gasar ƙasa, kafin ya tafi ƙungiyar VVV-Venlo ta ƙasar Holland a 2010. Amma an ɗora wa ɗan shekara 14 kuɗin haya da aikin Hajjin mahaifiyarsa a ƙafa! Da ya dawo ba a ɗauke shi ba, ko shago aka aike shi sai an yi masa shaguɓe.

Ban yi masa wa'azin haƙuri ba, ya sha shi ya ƙoshi. Yayan na kira gefe. Na ce, "Malam, don Allah ku daina tambayarsa ko ya ci ƙwallo. Ku tambaye shi ko ya ci abinci." Ya ɓata rai, amma ya ji.

Yanzu kafin kowace tantancewa nakan tara iyaye da yayye, na faɗa musu ƙarara cewa yawancin yaran nan ba za a ɗauke su ba. Wanda aka bari kuwa, shi nake fara nema washegari, na ba shi busa ya alƙalanci wasan ƙanana ko ya riƙe kyaftin.

Yaron ya dawo bayan Sallah. Yayan ne har yanzu yake gaishe ni sama-sama.