Tarihin Rayuwata, Kashi Na 14: Masu Gadin Cikin Kai

Makon jiya na tsaya a daren da Baba ya kwaɗa mini tocila a goshi. Wajen ƙarfe biyu na fito zan zagaya, sai na ji an daka tsawa, "Kai! Wane ne nan?" Kafin in buɗe baki jini ya zubo. Shekara talatin Baba ya yi yana gadi a Ikoyi kafin ƙarfi ya ƙare ya zauna a gida Agege, kuma tun da gigin tsufa ya kama shi aikin ya dawo masa sabo. Sunan Inna kan ɓace masa, zagayen dare kuwa bai taɓa ɓacewa ba.

Da safe Inna na manna mini filasta ta ce, "Kai da kake aikin asibiti, ka rasa abin da za ka samo masa?" A wurinta duk mai farar riga likita ne. Ni kuwa ɓeraye nake kula da su a ɗakin gwaje-gwaje: in ba su abinci, in canja musu dusar katako, in auna nauyinsu in rubuta.

Haka na shiga danfo zuwa Oshodi kowa na kallon goshina. Ina isa Dakta ta tambaye ni, na faɗa mata gaskiya. Ba ta ce komai ba, sai ta ja mini kujera gaban madubin ƙara girma, ta ɗora yankin ƙwaƙwalwar ɓera, siriri kamar ɓawon albasa. Na ga wasu ƙwayoyi masu dogayen rassa kamar saiwar ciyawa. Ta sauya wani, sai na gan su sun dunƙule sun yi ɓul-ɓul, rassan sun janye.

"Abokan aikin Babanka ne," in ji ta.

Maikurogiliya ake kiransu, ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune cikin ƙwaƙwalwa. Wani masani ɗan Sifaniya, Pio del Rio Hortega, ya bayyana su a 1919. Ba sa barci. Kullum suna miƙa rassa suna lalube, suna kwashe tarkace. In suka ji baƙo sai su dunƙule su saki sinadaran kururuwa irin su IL-1 beta da TNF, 'yan'uwansu su taho. Wannan gangami shi ne kumburin ƙwaƙwalwa. Na kwana biyu alheri ne. Amma a cutar Alzaima, mai kawo gigin tsufa, wani furotin, amiloyid, yana taruwa dunƙule-dunƙule shekara da shekaru, kururuwar ta ƙi tsayawa, masu gadi su koma dukan 'yan gida.

Abin da ya fi tsaya mini a rai aikin da aka yi kan ɓeraye a Boston ne a 2016. An ga wani furotin na garkuwa, C1q, yana liƙe wa mahaɗar jijiyoyi kamar shaidar fenti da ake yi wa ginin da za a rushe, maikurogiliya su zo su cinye ta, tun kafin dunƙulen amiloyid ya bayyana. Da aka toshe C1q a ɓerayen, asarar ta ragu. Kafin nan, a 2013, masu bincike a Jamus sun nuna ɓeraye masu alamun cutar da aka cire wa NLRP3, makunnin da ke tayar da IL-1 beta, sun fi riƙe abin da suka koya.

Na ce, "To Dakta, a kore su mana a huta."

Ta yi dariya. Ai a shekarar 2013 ɗin aka gano mutanen da suka gaji wata tawaya a TREM2, wanda da shi maikurogiliya ke gane abin da za su kwashe, sun fi shiga haɗarin cutar. Maigadi mai duka matsala, mai gyangyaɗi ma matsala.

Sai na yi tambayar Inna. Dakta ta girgiza kai. Ɓera ba ya kamuwa da Alzaima da kansa, sa masa ake yi. Na ƙasashen waje, irin 5xFAD, an dasa musu tawaya biyar daga ƙwayoyin gadon ɗan Adam, tun suna wata biyu amiloyid ke fara taruwa. Mu nan ba mu da kuɗinsu, allurar LPS muke yi wa namu, gubar jikin bakteriya, mu tayar da kumburin, sannan mu saka su a akwati mai lungu uku mu ga ko suna tuna lungun da suka fito. Magunguna da yawa sun warkar da ɓeraye, da aka zo kan mutum suka sha ƙasa. Ni dai na ga laifin masu labarai da ke shelar an samo magani alhali ɓera ne ya warke.

Na dawo gida hannu rabbana. Inna ta ɓoye tocilar a buhun gari, Baba na ta birkice ɗaki yana huci. Na ce, "Inna, ki ba shi kayarsa." Daren nan na sa rigar sanyi na bi bayansa. Muka duba ƙofar zaure, muka taɓa kwaɗon shagon maƙwabci, muka leƙa bayan tankin ruwa. Ya haska fuskata ya daɗe.

"Sabon yaro ne kai? Wa ya fasa maka goshi?"

Na ce ƙofa ce. Ya ce in riƙa kula, Legas ba wurin sakarci ba ne.

Kwana huɗu muna haka, sai ga Kawu ya sauka daga motar shanu da wani malami, wai sammu ne, arewa za su tafi da shi. Yadda muka kwashe da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.