Abin da Ƙidayar Motoci a Njamena Ta Koya Mini

A aikin tsara zirga-zirgar birni, darasi na farko da ya zauna mini shi ne a ƙirga mutane kafin a ƙirga motoci. Wanda ya tsaya a kusa da kasuwar Dembe ta Njamena da safe zai ga ƙaramar bas ta haya maƙare da fasinjoji tana jiran hanya a bayan motar gida mai ɗauke da mutum ɗaya ko biyu, alhali filin da suka ci a kan kwalta kusan ɗaya ne. Daga nan hujjar ware wa bas layinta take fitowa, kuma hujja ce mai ƙarfi.

Biranen da suka gwada suna nan. Kuritiba ta Brazil ta fara a 1974, Bogota ta biyo baya a 2000, Legas ta buɗe layinta na Mile 12 zuwa CMS a 2008, Dakar kuma ta fara da motoci masu aiki da lantarki a 2024. Abin da na lura da shi a dukkansu shi ne, an raba layin da shinge, kuma an zuba motoci masu yawa da ke zuwa a kai a kai. Layin da aka ware ya zauna wayam na tsawon lokaci ba ya daɗewa, domin direban da ya maƙale a cunkoso yana kallon hanya a buɗe zai faɗa cikinta, jama'a kuma za su ba shi gaskiya.

A Njamena akwai abin da littattafan karatunmu ba su cika yin magana a kansa ba, wato masu babur da ake kira kilando. Su ne suke shiga unguwannin da ruwan damina ya yanke, kuma dubban iyalai da su suke ci. Tsarin da bai tanadar musu wurin tsayawa kusa da tashar bas ba zai mayar da su abokan gaba, alhali su ne za su kawo wa bas fasinja daga lungu.

Inda na fi daɗewa ina nazari shi ne bakin titi. Yawancin cunkoson da ke kewayen Babbar Kasuwa daga abin da yake tsaye yake tasowa: motar da aka ajiye tun safe, babbar mota mai sauke kaya da rana tsaka, bas da ke tsayawa duk inda aka ɗaga mata hannu. A ganina, filin da bas take bukata daga nan ya kamata a fara ƙwato shi, ta hanyar sanya wa sauke kaya lokaci da karɓar kuɗin ajiye mota. Gadojin kogin Shari kuwa, tun da ba su faɗaɗuwa cikin sauƙi, abin da zai yiwu shi ne a bar bas ta riga sauran motoci hawa a lokacin fita aiki da na tashi.