Duna, bahon yashi da shanyar Hajiya

A tsakiyar Nuwamba, hunturu ya fara kaɗawa, wani abokin aikina ya ba ni ɗan kwikwiyo. Karyarsu ce ta haifi bakwai, uwargida ta ce ko su ko ita a gidan. Na saka shi a kwalin taliya, na hau Keke Napep da shi zuwa unguwar Barnawa a Kaduna, inda nake haya: ɗaki da falo a saman bene, ɗan kicin, banɗaki, sai barandar da ba ta wuce shimfiɗar tabarma biyu ba. Baƙi ne wuluk, da ɗan farin tabo a ƙirji, na raɗa masa Duna. Satinsa 8 a duniya.

Baba maigadi ya leƙa kwalin a bakin get, ya ɗago ya dube ni. "Ɗana, kai da kake fita da sassafe sai magariba a ganka, wa zai zauna da wannan jinjirin?" Na ce ai kare ne, Baba, zai saba. Ya yi 'yar dariya ya ce, "To. Wanda ya sayi rariya dai ya san za ta zubar da ruwa."

Wurin aikina a tsallaken kogi yake, wajen Ahmadu Bello Way. Ƙarfe 7:30 na bar gida, in gada ta cushe da yamma sai 6:30 nake shigowa. Awa 11 ke nan Duna yana kulle shi kaɗai, falo da ɗaki duk nasa. Tun daga matakala wari ke tarbata. Fitsari wuri huɗu ko biyar, kashi a bayan kujera, wayar caja an tauna ta gida biyu. Ni kuwa sai na yi abin da na taso na ga ana yi: in kama ƙeyarsa, in dangwara hancinsa a wurin, in ɗana masa silifa. Kwana goma ina wannan, kuma ya koyi darasi, sai dai ba wanda nake nufi ba. Abin da ya fahimta shi ne fitsari a gaban mutumin nan haɗari ne. In ina gida sai ya matse, ina juya baya ya shige ƙarƙashin gado ya sauke. Da ya ji ƙarar makulli kuma sai ya kwanta, kunnuwa a lafe, fitsari na ɗiga don tsoro. Har yau in na tuna wannan kwanciyar raina ba ya min daɗi.

Da abin ya ishe ni na mayar da shi baranda. Dabara ta zo, in ji ni: in na dawo, bokiti ɗaya da tsintsiya, an gama. Ban taɓa tambayar kaina ina ruwan yake zuwa ba. Ashe ɗan bututun barandar kai tsaye yake tsiyaya kan igiyar shanyar Hajiyar da ke ƙasa. Ranar Lahadi na dawo daga majami'a na tarar da ita a tsaye a ƙofata, dattijuwar da gwiwa ba ta barinta hawa bene, riƙe da sallaya a jiƙe. Ba ta ɗaga murya ba, wanda ya fi zagi ciwo. "Ɗan nan, ban hana ka kiwon abinka ba. Amma a kan wannan nake sa goshina." Na durƙusa na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, wallahi ban sani ba." Na sayo sabuwar sallaya, na kai kayan wanki, a daren na toshe bututun.

Wadda ta warware min lissafin likitar dabbobi ce, ranar da na kai shi allura ta biyu. Na zayyana mata taurin kan Duna, ta bari na gama sannan ta ce, "Malam, watansa nawa?" Na ce biyu da 'yan kwanaki. Ta ce ƙiyasin da ake yi, kowane wata ɗaya na shekarun kwikwiyo awa ɗaya ne yake iya riƙe fitsari, in an yi sa'a a ƙara ɗaya. Na wata biyu, awa biyu zuwa uku. Ni kuma 11 nake nema a wurinsa, in ya kasa in buge shi. Ta ƙara da cewa kare ba ya haɗa dukan magariba da fitsarin hantsi. Ba ka kama shi a kai ba, magana ta wuce, ɗauki tsumma kawai.

Sai ta ƙara ɗaure ni da wani abu. Kada ƙafarsa ta taka ƙasar titi ko inda karnukan unguwa ke yawo sai ya gama allurarsa ta ƙarshe, wajen sati 16, saboda fabo, cutar nan mai sa kwikwiyo amai da gudawar jini, ƙwayarta tana yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba. Allurar haukan kare kuma sai ya cika wata uku. Ta ba shi maganin tsutsar ciki, wanda bayansa na ga kashin nasa ya daina zama ruwa-ruwa. To ga inda na tsaya: ba ya iya riƙewa, ba zai fita waje ba, ni kuma ba na gida.

Na je Panteka, wani mai walda ya haɗa min 'yar gajeriyar ƙofar raga daidai bakin kicin. Duniyar Duna ta koma kicin kaɗai, inda tayil ne a ƙasa, na ɗauke duk wata waya da leda da zai iya tauna. A lungu ɗaya makwancinsa da kwanon ruwa, a lungun da ya fi nisa wani faffaɗan bahon roba mara zurfi cike da yashi. Kare ba ya son ɓata inda yake kwana, ko uwarsa ba ta koya masa ba. In wuri ya yi faɗi kamar falo, ko'ina banɗaki ne, in ya ƙuntata sai zaɓi ya rage biyu. Na fara gwada tsohuwar jarida, ya yayyaga ta ya yi wasa. Tsumma kuwa ban yarda ba, don kwikwiyo abin da tafin ƙafarsa ya saba ji shi yake nema, ka koya masa a kan yadi, gobe zanen gadonka ne. Yashi ya fi kusa da ƙasar da nake so ya ƙare a kanta. Na dangwali fitsarinsa da takarda na binne a ciki, hancinsa ya yi sauran aikin.

Tsakar rana ce matsalar da baho bai magance ba, domin a wannan shekarun sau uku yake ci. Na sauka wurin Baba da kunya. Ashe a ƙuruciyarsa a ƙauye ya riƙe karnukan farauta har huɗu. Muka yi ciniki, na ba shi makulli: 12 na rana ya hau ya ba shi abinci, ya jira ya yi, ya kwashe, ya ɗan yi wasa da shi. Ni kuma 6 na safe da 6:30 na yamma. Da lokacin ci ya tsaya, lokacin kashi ma ya tsaya, minti 10 zuwa 20 bayan ya lashe kwano. Na koyi karanta shi: in ya farka daga barci, ko ya tsaya cak a tsakiyar wasa ya soma shinshinar ƙasa yana zagaye, ba jira, cak zuwa baho. Ina cewa "yi maza, yi maza" har kalmar ta zama ƙararrawa. Yana gamawa, kafin ya fito, ladansa na bakinsa. Da kilishi na fara, likita ta hana, ga yaji ga albasa, ita albasa kuwa guba ce ga kare. Na koma dafaffiyar hanta, yanka kamar ƙwayar wake. Da dare na sa agogo ƙarfe 2, in tashi cikin sanyin Disamba, ido a rufe, ina raɗa wa kare "yi maza".

Wanki ma sai da na sake koyo. Izal hancina kawai yake yaudara, nasa yana jin tsohon wurin sarai, kuma inda ya ji nan zai koma. Ranar da na tsiyaya Hypo kai tsaye a kan fitsari, wani tururi ya tashi ya shiga idona, sai da na buɗe tagogi duka. Kada kowa ya gwada. Abin da ya yi min aiki: in tsane da takarda, in wanke da Omo, in bi da ruwan khal. Ledar tsakar ɗakin kuwa da na ɗaga ta, fitsari ya kwanta a ƙarƙashinta ya yi sati nawa, naɗe ta na yi zuwa bola.

Kukan kaɗaici ya ɗauki kamar sati biyu. Na bar masa tsohuwar singiletina a makwanci, Baba ya ara masa rediyonsa mai batir don NEPA ba abin dogaro ba ce, na kuma daina dogon sallama a bakin ƙofa. Asabar da Lahadi nakan fita minti biyar in dawo, sannan goma, sannan rabin awa, har fitata ta daina zama labari.

A Janairu aka yi allurar ƙarshe. Kafin in sauko da shi na je na gaida Hajiya na tambaye ta inda ba zai dame ta ba. Ta nuna min bayan gida, gindin katanga, nesa da famfon da ake alwala. Can na juye yashin bahon, na kai shi, ya shinshina, ya tsuguna. Kashinsa da leda nake kwashewa, ba na barin ko ɗaya. A Maris zafi ya sauko, shan ruwa ya ƙaru, aka sake yin ɓarna sau uku a sati guda. Zuciya ta ce rage masa ruwa. A zafin Kaduna, cikin kicin a rufe, wannan ganganci ne. Na roƙi Baba ya ƙara hawa ɗaya da la'asar.

Bahon na ba Baba, ya zuba ƙasa ya shuka yakuwa a ciki. Ranar da ruwan farko ya sauka a Afrilu, na buɗe ƙofar bene, Duna ya leƙa, ɗigo ya faɗa masa a hanci, ya juya da gudu ya haye sama. Na same shi a kicin, a lungun da baho yake a da, yana zagaye yana kallona. Na sungume shi, yanzu ya yi nauyin rabin buhun siminti a hannuna, na sauka da shi da lema. Ina tsaye a gindin katanga, lemar a kansa ruwa a bayana, ina "yi maza, yi maza", sai na ji Hajiya ta taga tana ce wa jikarta, "Zo ki ga wani ikon Allah."