Girman kulasta: abin da muke dubawa kafin mu yi wa hadis fomatin

A shagonmu na gyaran kwamfuta ba ma danna fomatin sai mun tambayi mai hadis (hard disk, faifan ajiyar bayanai na kwamfuta): me za ka zuba a ciki? Amsarsa ce ke yanke girman kulasta, wato gurbin nan da Windows ya rubuta wa Allocation unit size, wanda masu gyaran gaggawa ke tsallakewa ido rufe.

Kulasta shi ne wuri mafi ƙanƙanta da ake yanka wa fayil, kuma fayil biyu ba sa raba ɗaya. In kulastan 64KB ne, takardar da ba ta wuce 3KB ba za ta kama shi duka, sauran 61KB su tafi a banza. In aka yi kuɗin goro, kowane fayil yana ɓarnatar da rabin kulasta. Fayil 100,000 a kan 4KB, asarar kamar 200MB ce. A kan 64KB ta haura 3GB. A kan 128KB kuwa, wanda Windows ke sa wa faifai mai tsarin ajiyar fayil na exFAT da ya wuce 32GB, ta haura 6GB, alhali ba ka ƙara ko harafi ba. Buɗe Properties na folda ka gwada Size da Size on disk, tazarar da ke tsakaninsu ita ce ɓarnar. NTFS dai, tsarin ajiyar fayil na faifan Windows, tana da 'yar dabara: fayil ɗan mitsitsi mai 'yan ɗaruruwan bayit a cikin kundinta na MFT take ajiye shi, ba ya cin kulasta.

Batun gudu shi ne inda ake yi wa mutane romon baka. Faifan da ke juyi 7200 a minti yana kammala zagaye ɗaya cikin milisakan 8.3, kuma abin da ke cin lokaci shi ne tsallen da allurar karatu ke yi tana neman gutsattsarin fayil. Babban kulasta na rage gutsattsarin da yawan lissafin gurabe, don haka yana ɗan taimaka wa manyan fayilolin bidiyo. Ɗan taimako fa muka ce. NTFS da ma tana ƙoƙarin jera fayil wuri guda, Windows kuma yana kwasar kulasta da yawa a karatu ɗaya. A SSD, faifan da ba ya juyi kuma babu allura, da kyar ka ji bambanci. Amma sai ka ga wanda bai san sekta ba (yanki mafi ƙanƙanta da faifai ke rubutu a kai) ya karɓi kuɗin “ƙara gudu”, ya sa 64KB a faifan da Windows ke kai, mai cike da dubban ƙananan fayiloli. Gudun bai zo ba, wuri ya ragu, matse fayil na NTFS kuma ya daina aiki, don ba ya yi sama da 4KB. Irin waɗannan su ke dawowa teburinmu.

Ƙa'idarmu: faifan Windows da na takardun ofis, 4KB. Na bidiyo zalla ko rumbun SQL Server (manhajar tara bayanai ta Microsoft), 64KB. Katin kyamara, a bar kyamarar ta yi masa fomatin da kanta. Rumbun da ake sa ran faɗaɗawa kuma, tun farko muke ba shi 8KB ko fiye, domin NTFS mai 4KB iyakarta 16TB, ranar da ka so wucewa za ta cije.

Akwai kuma aikin da ba a gani. Sababbin hadis sektansu 4096 bayit ne, ba 512 na da ba, wato tsofaffin sekta 8 ne ke cika sabo ɗaya. Windows XP yana fara fatishan (ɓangaren da aka yanka a faifai) daga sekta 63 a lissafin 512, wanda 8 ba ta raba shi daidai, sai kowane kulasta ya hau kan sekta biyu, ƙaramin rubutu ya zama karantawa, gyarawa, sake rubutawa. Daga Windows Vista aka koma sekta 2048, wanda 8 ke raba shi daidai. Wanda ya kwafo tsohon faifai kacokan zuwa sabo bai daidaita wannan ba, ya kwafo har da ciwon, sai a ɗora wa hadis laifi.

Don sanin naka, buɗe cmd da izinin admin ka rubuta fsutil fsinfo ntfsinfo C: ka duba layin Bytes Per Cluster. Sauyawa da kayan Windows sai da fomatin, misali format D: /FS:NTFS /A:64K /Q, kuma yana share komai. Shi ya sa muke kwashe bayanan zuwa wani faifai, mu gwada adadin fayiloli da girmansu a ɓangarorin biyu, sannan mu sake duba harafin faifan kafin a danna Enter.