Daren da na toshe ƙasan ƙofa

A wata na uku da shigowar sojojin mamaya, tukunyar gas ɗinmu ta ƙare. Lantarki tun makon farko ya tafi, kananzir ya ɓace, masu kawo gawayi kuma ba sa wuce shingen bincike. Muka ƙona kujeru, muka bi da ƙofar ɗakin ajiya. Kowa ya yi haka. Ko mutanen Amsterdam, a hunturun 1944 zuwa 1945 ƙarƙashin mamayar Jamus, har katakon layin jirgin cikin gari suka ciccire.

Abin da har yau yake hana ni barci shi ne rabin buhun gawayin da na samu da musayar 'yan kunnena. Daren nan sanyi ya tsananta. Na hura shi a tsakar gida, da ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, sai na shigo da shi ɗaki. Na rufe taga da bargo don kada 'yan sintiri su hango haske, sannan na cusa tsumma a ƙasan ƙofa don kada ɗumi ya fita. Ni da hannuna na cusa shi, ina jin na yi dabara.

Cikin dare na farka kaina kamar zai tsage. Na yunƙura, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata. 'Yata mai shekara 6 ta yi amai a kwance, ina jijjiga ta tana lumshe ido. Da rarrafe na kai ƙofa.

Asibiti ba ya zuwuwa, ga dokar hana fita. Maƙwabciyarmu, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, ta hauro katanga ta fitar da mu fili. "Ƙanwata," ta ce, "gawayin da ba ya hayaƙi shi ya fi kisa, don ba ya tayar da kowa." Iskar kabon monoksaid ce, ba wari ba launi, kuma jini ya fi kama ta sau 200 da ɗoriya a kan iskar da muke rayuwa da ita. Yarinyar ta kwana uku da ciwon kai kafin ta warware.

Bayan nan na koyi sauran dabarun tattali: jiƙa abin dafawa tun dare, kada murfi ya bar tukunya, in ta tafasa a naɗe ta da bargo ta ƙarasa dahuwa da kanta. Gida huɗu muka koma hura wuta ɗaya. Katako mai fenti kuwa, a guje shi, hayaƙinsa guba ne.

Amma duk wadda ta tambaye ni, da tsumman nan nake farawa. Garwashi ba ya kwana a ɗaki, ko taga a buɗe take. A ɗumama dutse a waje, a naɗe shi da ƙyalle a sa wa yara a ƙafa, a haɗu a shimfiɗa ɗaya. Haka muka ƙarasa sanyin. Ragowar gawayin na ba maƙwabciyar, ban ƙara iya kallon buhun ba.