Laba goma da na ƙara wa baka

Ina koyar da fiziks a wata sakandare nan Sakkwato. Bara, da muka kai darasin ƙarfin da ake tarawa cikin abu mai lanƙwasuwa, sai na aro bakan zamani wurin wani abokina, irin mai kura, wato ƙaramin faifai mai juyawa da tsarkiya ke bi ta kansa, a kowane gefe. Wani Ba'amurke, Holless Wilbur Allen, ya ƙirƙiro shi, ya nemi rajistarsa a 1966. Kurar ce sirrinsa: in ka ja tsarkiya ta kai ƙarshe, sai ta ɗauke maka mafi yawan nauyin, wani bakan har kashi 80 cikin ɗari.

Bakan yana kan laba 60, wato nauyin da ake sha wajen jan tsarkiyarsa. Ni kuwa gudun da ke rubuce a takardarsa nake so ɗalibai su gani. Na sa alanki, ɗan ƙarfen juya kusa, na ɗaure kusoshin nan biyu da ke riƙe fukafukansa, wato ɓangarorinsa masu lanƙwasuwa, har ƙarshe, ya koma 70. A zatona kibiya za ta zama walƙiya.

Abin kunya, lissafin da nake rubutawa a allo shi na manta. Ƙarfi yana tafiya ne da gudu sau gudu, saboda haka ƙarin kashi ɗaya cikin shida na nauyin ja bai ba kibiya fiye da kusan kashi 8 cikin ɗari na gudu. Maharba kan ƙiyasta ƙarin gudun ƙafa 15 zuwa 20 a daƙiƙa kan kowace laba goma. Adadin takarda kuma da laba 70 ake auna shi, da jan inci 30, da kibiya mai giram 23 ba kaɗan. Hannuna inci 27 yake ja, kowane inci kuma yana cin kusan ƙafa 10. Tun kafin in taɓa alanki na yi asarar 30.

Ranar gwaji a bayan makaranta, ga zafin Afrilu, sai da na ɗaga bakan sama ina nishi kafin ya jawu, kafaɗa na rawa. Kibiyoyin suka riƙa kaɗa wutsiya, suna shiga buhun ƙaiƙayi a karkace. Maigadinmu, tsohon mafarauci, ya zaro ɗaya ya lanƙwasa ta da yatsu.

"Malam, bakan ga ya hi ƙarhin kibiyag ga."

"Baba, ai ta kamfani ce."

Bai tanka ba. Gaskiyarsa: in nauyin ja ya ƙaru, dole a nemi kibiya mai tauri, ita kuma galibi ta fi nauyi, sai ta cinye wani ɓangare na gudun da aka samo. Mai sauƙi sosai kuwa haɗari ce, don ƙarfin da ba ta ɗauka ba cikin fukafukai da tsarkiya yake komawa.

Da abokina ya ce akwai fukafukai masu laba 80 da ake sauyawa, amma sai da injin matse baka, na ce ya bar su inda suke. Na warware kusoshin daidai wa daida, zagaye ɗaya sama, ɗaya ƙasa, har muka dawo 60. Kafaɗar dai sai da ta yi mako biyu tana shan man zafi.