Ashe "ye" ɗin nan ba "ye" ba ne

Lokacin da nake karatu a Landan akwai wata tsohuwar mashaya a titin Fleet da nake wucewa ta gabanta in zan hau bas, an rubuta mata Ye Olde Cheshire Cheese, a allon har da cewa an sake gina ta a 1667 bayan babbar gobarar Landan ta 1666. Ban taɓa shiga ba dai, kar wani ya fara min wa'azi, allon kawai nake karantawa. Kullum "yi oldi" nake cewa, har na yi wa wani abokina ɗan Zariya bayani da gadara wai "ye" na nufin "ku" a tsohon turanci, wato maraba ake yi wa jama'a. Ya kalle ni ya ce, malam tunda "olde" na nufin tsoho, to ku tsofaffi kenan ko me? Wallahi na rasa amsa.

Abin ya tsaya min a rai, ranar asabar na tafi laburare na zauna da ƙamus. Ashe kalmomi biyu ne na cakuɗa. Akwai "ye" na gaske mai nufin "ku", wanda ya cika Baibul ɗin Sarki James na 1611, amma na jikin allon nan "the" ne kawai, kuma haka ake furta shi tun asali, babu wani y a bakin mutanen da.

Inda abin ya burge ni shi ne dalilin. Turawan Ingila na da wani harafi þ, sunansa thorn, wato ƙaya, sun gaje shi daga wani tsohon rubutun mutanen arewacin Turai da ake kira runes, da shi suke rubuta sautin th, sai "the" ya zama þe. A hankali a rubutun hannu kan harafin ya riƙa buɗewa har ya koma kamar y, sai kuma ga injin buga littafi ya iso, William Caxton ya kafa nasa a Westminster a 1476, su kuma haruffan ƙarfen daga ƙetare ake shigo da su inda ba a san þ ba, to mai buga littafi ya duba akwati babu ƙaya sai ya ɗauki y ya saka, ko ya haɗa t da h. Mutanen Aisland kam har yau suna nan da abinsu.

Ina cikin karantawa na tuna wayata, yadda nake rubuta kasa ina nufin ƙasa don kawai kibod ɗin ba ƙugiya, ko ƙugiyar na nan ina ƙyuyar danna ta. Daren nan na sauke kibod mai ƙ da ɗ da ɓ, na tura wa ɗan Zariyan nan saƙo na ce ka yi gaskiya, ba ku ba ne. Ya turo min dariya ya ce ai shi ma bai sani ba, tsokana ce kawai yake yi.